Ranar da Na Juya wa Kawu Baya

Duk faɗin Damagaram ɗakin sikwash guda ɗaya na sani, shi ma ba don sikwash aka gina shi ba. Tsohuwar mangaza ce, ɗakin ajiyar gyaɗa, a Sabon Gari, bayan gidan kawuna, yayan innata. Har yau in rana ta buɗe kwanon rufin ya ɗau zafi, warin tsohuwar gyaɗa yana tasowa daga bango, sai ka ji kamar cikin ƙuli-ƙuli kake gudu. Kawu ne ya shafe bangon da siminti da hannunsa, ya ja layuka da jan pentir, ya rage ƙofar ta koma ƴar ƙarama, sai ka sunkuya za ka shiga. Taga ɗaya ce can sama ta baya. Mai son kallo sai ya hau tsani ko ya taka tsohon tano, wato gangar ƙarfe.

Wanda bai san wasan ba, ga shi a gurguje. Mutum biyu ne cikin ɗaki ɗaya, kowa da raket ɗinsa, da wata baƙar ƙwallon roba da ba ta kai lemon tsami ba. Ka doka ta a bangon gaba, ta dawo, ɗayan ya doka, haka za ku yi ta yi har wani ya kasa cim mata kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. A tsakiyar ɗakin akwai inda layuka biyu suka haɗu, ana ce wa wurin te. Wanda ya riƙe te shi ne mai ɗaki, ɗan taku kaɗan zai yi ya kai kowace kusurwa. Ɗayan kuwa sai zagaye, kamar ɗan kabu-kabun da ya rasa wanda zai ɗauka. Ƴan fadarmu, samarin kartiye, wato unguwa, da muke shan shayi tare, cewa suke wasan mutanen da bango ya yi wa laifi ne.

Kawu a Kano ya kwaso wannan ciwon. Yana saurayi ya tafi koyon gyaran keken ɗinki, wani mutum da yake yi wa gyara ya ja shi inda suke wasan, ya ba shi tsohuwar raket don ya riƙa motsa masa jini kafin manya su iso. Kafin a ankara mai motsa jini ya fara cinye masu wuri. Ya buga gasa a Kano, ya buga a Kaduna, ya je har Legas, kayan gyaransa a jaka, in an fitar da shi da wuri ya bi shagunan teloli. Bai taɓa zama na ɗaya ba, kuma ba ya ɓoyewa, amma an san shi, ana tsokanarsa da ɗan Faransa. Gwiwar hagu ce ta dawo da shi gida. Kup ɗin da ya ciyo, kofunan gasa, suna nan kan kwaba a ɗakin matarsa, ɗaya cike da maɓallai, ɗaya da zare da allurai.

Ni kuwa ɗan Durum ne, ɗan gona. Da na samu lise, babbar sakandare, aka kawo ni gidan Kawu da ƴar jakata da buhun gero. Innata mace ce mai sanyin magana, amma kan ladabi ba ta da wasa ko kaɗan. A wurinta ba ka gitta gaban babba. Ba ka tsayawa a kansa yana zaune. Ba ka riga shi shiga ƙofa, ba ka kuma ba shi baya ka bar shi yana kallon ƙeyarka. In kun haɗu da dattijo a ƴar siririyar hanyar gona, kai za ka faɗa cikin ƙarangiya ya wuce, ka cire ƙayar daga baya. Tun kafin in iya ɗaure wando ƙafafuna suka haddace wannan. Ba na ma tunani, su suke yi da kansu.

Wadda ta fara sa mini raket a hannu ƴar Kawu ce, taubashiyata, ajinmu ɗaya. Ita a mangazar nan ta yi rarrafe. Tunda ni ɗan mace ne ita ɗiyar namiji, bawa take kirana, ko a gaban mushe, malaminmu, a lakwal. Ranar farko ta ce in shigo in riƙa tsinto mata ƙwallo, aikin bayi ke nan. Na shiga da zuciya, na kai wa ƙwallo duka da dukan ƙarfina, na doki iska, na juya na zauna daɓas. Ta yi dariya har ta riƙe bango. Dariyar nan ce ta mayar da ni ɗan sikwash, wallahi ba wani abu ba.

Daga nan na haukace. In an tashi daga lakwal, mangaza. Ran dimashi, wato lahadi, mangaza. Kawu ya lura, ya fara zuwa yana tsayawa bakin ƙofa, yau ya gyara mini riƙo, gobe ya nuna mini yadda ake manna ƙwallo da bango ta tafi tana shafarsa har kusurwar baya. Ba mai yawan magana ba ne. In ka yi daidai ya ce to, in ka yi kuskure ma ya ce to, kai za ka gane wanne ne. Kafin in kai terminal, ajin ƙarshe, na fara cin taubashiyata, duk da har gobe cewa take kyauta take ba ni. Ƴan fada biyu-uku da suka shigo gwaji na yi musu wankin babban bargo suka koma kan shayinsu. Wani soja da aka kawo aiki garin, wanda ya taɓa wasan a waje, ya zo da takalman gayu da raket mai sheƙi, ya fita yana tambayar inda randa take.

Mutum ɗaya ne ban taɓa ci ba. Kawu, da furfurarsa da gwiwarsa da ya naɗe da tsohon rawani.

Shekarar da muka ci bak, jarrabawar gama lise, ni da taubashiyata duka, murna ba ta gama sauka ba wani tsohon abokin wasan Kawu ya kira shi daga Kano. Za a yi gasar matasa ƙarshen bakans, dogon hutu, ya ce an ba Kawu wuri ɗaya, na namiji, ya kawo yaro daga Nijar in yana da shi. Taubashiyata ta ce tsoronta suka ji shi ya sa ba su ce mace ba. Ni kuwa na san gasar tana da iyakar shekaru, kuma wannan ce shekarata ta ƙarshe. In ta wuce ni, baɗi na tsufa.

Kawu ya kira ni zaure bayan la'asar. Na durƙusa. Ya ce ya ji daɗin jarrabawa, Allah ya sa albarka, sannan ya ce batun Kano sharaɗi ɗaya ne.

"Ba zan kai musu wanda bai ci ni ba. Su sun san ni da ƙafa biyu. In yaro ya kasa cin mai ƙafa ɗaya da rabi, gara in ce musu ba ni da kowa."

Na ce to, Kawu. A zuciyata na ce tirankil, ba damuwa, tsoho ne, wata guda ya ishe ni.

Kullum bayan asuba, kafin kwano ya yi zafi, muke shiga. Kullum ya ci ni. Ba ma cin wahala ba, cin hutu. Ni in fito riga sharkaf kamar an tsamo ni daga tafki, shi ko hularsa ba ta karkace ba. Na ce raket ce, na sake mata zare. Na ce takalmi ne, na aro na wani ɗan fada. Na ce numfashi ne, na fara hawa duwatsun Birni da gudu da yamma, yara suna bina suna ihu. Har na karɓe wa gidan ɗebo ruwa, ina ɗauko jarka biyu daga pampo don hannu ya yi ƙarfi, matar Kawu tana ta sa mini albarka ba ta san kaina nake yi wa ba. Jikina ya zama kamar igiya. Kawu ya ci gaba da cina kamar yana cin goro.

Wata safiya taubashiyata ta hau tsani da salularta, wayarta ta hannu, ba mu sani ba. Da muka fito ta tare ni a tsakar gida, bakinta har kunne.

"Bawa, zo ka ga wani ɗan ƙauye yana gaida sarki."

Na karɓa na kalla. Da farko ban ga komai ba sai ni ina gudu. Ta ce in bar kallon ƙwallo in kalli ƙafafuna. Ta mayar da bidiyon baya, ta sa shi yana tafiya a hankali.

Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni har wuya. Duk lokacin da na doki ƙwallo, maimakon in koma te, sai in ja jiki in manne da bango, kafaɗa a sunkuye, in buɗe wa Kawu ɗakin gaba ɗaya. In ya zo wucewa har hannuna na hagu yana sauka wajen gwiwa, kamar zan ce ina kwana. Akwai wani wuri da na samu kaina a gabansa, na riga shi te, sai ga ni na yi wani tsalle gefe kamar na taka garwashi. Shi kuwa yana tsakiya abinsa, kamar yana zaune a zaure ana kawo masa gaisuwa, yana aika ni kusurwa-kusurwa.

Ta nuna mini wani bidiyon, ni da ita. Nan ga ni na kafe a te kamar an dasa ni, na ba ta baya, har ina tura mata ƙugu. Ta ce ka gani, ni da ka raina ka iya wasa, Baba kuwa ƙarangiya kake nema ka faɗa, ga shi mangaza ba ta da ita.

Abin da ya rikita ni shi ne wasan da kansa yana cewa ka ba da hanya. In ka doka, dole ka kauce abokin karawarka ya samu ya kai ga ƙwallo, in ka tare shi an ci ka. Amma hanyar zuwa ƙwallo kawai ake nufi, ƴar siririya, sannan ka koma tsakiya. Ni kuwa in Kawu ne, ɗakin duka nake ba shi har da kwanon rufi.

Washegari na shiga da niyya. Na ce yau ko sama za ta faɗo ina te. Muka fara, na doka, na koma tsakiya, na tsaya a gabansa. Ina jin numfashinsa a ƙeyata, duk gashin jikina ya tashi. Sai kawai na ji ya ce a hankali, da muryar da yake aikena sayen sikari:

"Matsa mini, ɗan nan."

Kafin kunnena ya gama ji ƙafafuna sun kai bango. Ya ajiye ƙwallo a kusurwar gaba, ya dube ni, ya ce to. Daga sama na ji tsani yana girgiza saboda dariyar taubashiyata.

Ashe ya sani tun tuni. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini ba, ya ce ya faɗa wa kunnena ko ƙafata? Ya ce a Kano zan haɗu da yaran da suka girme ni, masu gemu, masu jiki, wasu za su yi mini kallon raini kawai in ba su wuri. Ya ce in ban iya tsayawa gabansa ba, can ma sallama zan je yi. Muka yi ta gwadawa. Wata rana in daure rabin wasa, sai ya yi gyaran murya kawai in watse. Lokaci yana ta tafiya, abokinsa na Kano yana ta kira yana tambayar ko a ba wani wurin.

Ana cikin haka Inna ta aiko. An yi ruwa mai yawa, ciyawa ta taso wa gero, Baba, mahaifina, shi kaɗai ne da ƙanensa, in zo maimai, wato noma na biyu. Ba a ce wa Inna ana antirenma, wato horon wasa. Na hau motar kasuwa zuwa Durum raina a jagule, raket a cikin jaka ko me zan yi da ita oho.

Da sassafe muka shiga gona, ni da Baba da ƙanensa, kowa da hauyarsa da layinsa. Gero ya kai gwiwa, ƙasa a jiƙe, hauya tana shiga kamar cikin tuwo. Duk hawan duwatsun nan da ɗaukar jarka sai ga amfaninsu, jikina yana so ya tashi sama. Amma Baba yana layin da ke kusa da nawa, kuma Baba ya manyanta. Duk sanda na ga zan wuce shi sai in rage, in tsaya ina gyara ƙotar hauya, ko in koma ina tsinkar wata ciyawa da hannu. Haka muka yi ta tafiya, ina bayansa da ɗan taku, har rana ta ɗaga, Inna ta iso da fura ta ajiye a gindin gawo.

Baba ya tsaya tsakiyar layi, ya dogara da hauya, ya juyo.

"Kai, birni lalaci suka koya maka ko ciwo kake?"

Na ce lafiyata lau, Baba.

"To me kake yi a bayana? Tun safe nake jira in ga bayanka. Ni da na haifi namiji, in ɗaga kai in ga gona ba kowa a gabana?"

Na saci kallon Inna, don ita ta kafa dokar. Tana dama fura, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ita hanya da ƙofa ta koya mini, ba ta taɓa cewa in ɓuya bayan tsoho a bakin aiki ba, wannan wayon nawa ne. Ƙanen Baba ya ce a bar ɗan bak, hauya ba ta jin faransanci.

Na tofa yawu a hannu na kama ƙota. Na wuce Baba. Ban waiga ba. Na kai ƙarshen layi, na juyo na kamo nasa daga can ina nufo shi, muka haɗu a tsakiya. Ya je ya zauna gindin gawo ya sha furarsa a natse, ya miƙe ƙafa, abin da ban taɓa ganin ya yi da hantsi ba. Sauran kwanakin ni ne a gaba, su biyu suna bina, ina jin Baba yana ba ƙanensa labarin wata shekarar fari, murya a sake.

A motar komawa na yi ta juya abin. Kawu ya gyara ɗaki da hannunsa, ya shekara da shekaru yana shiga da gwiwa a naɗe, kuma duk sanda ya ɗaga kai ba ya ganin kowa a gabansa.

Da na iso na samu taubashiyata na ce ina son taimako. Ta ce bawa ba ya neman taimako, roƙo yake. Na roƙa. Washegari da rana, Kawu yana shago, ta shigo mangaza sanye da tsohuwar rigarsa, hularsa a kan ɗankwalinta, ta naɗe gwiwar hagu da zane, tana ɗingishi. Ta yi gyaran murya irin nasa sak, ta ce matsa mini ɗan nan. Na yi dariya har na faɗi. Amma ku yarda ko kar ku yarda, karon farko da ta faɗa muna cikin wasa sai da ƙafata ɗaya ta zame gefe. Muka yi ta yi, kwano yana gasa mu, ƙwallo ta yi zafi tana tashi kamar fara. Tana ta aikena, kawo mini buta, ɗauko mini carbi, wa ya ce ka tsaya a kaina, ni kuma ina kafe a te ina ce wa ƙafafuna gona ce, gona ce. Matar Kawu ta leƙo ta ga ƴarta cikin hular mijinta, ta yi salati ta koma.

Mutumin Kano ya ce ranar asabar zai rufe sunaye. Ran alhamis da dare Kawu ya ce gobe in shirya, na ƙarshe ne.

Labari ya kai fada. Da asuba sai ga su sun zo da butar shayinsu, waɗanda suke cewa wasan mahaukata ne, suna rigimar wa zai hau tano. Taubashiyata ta hau tsani, ita ce arbit, alƙaliyar wasa. Wanda ya fara cin zagaye uku shi ya ci. A bakin ƙofa na tsaya Kawu ya sunkuya ya shiga, sannan na bi shi.

Zagayen farko ya ci ni. Ina doka ƙwallo kamar ina jin tsoron ta ji ciwo. Amma na lura da abu ɗaya: hularsa ta karkace. A na biyu na manna masa ƙwallo a bangon hagu ta tafi har baya, ya bi ta, ni kuma na taka na tsaya a te, na ba shi baya sosai, ƙeya da kafaɗa da komai. Daga wurin nan ɗakin ya zama ƙarami. Ashe haka yake gani duk shekarun nan. Ya dawo da ita, na tare ta tun tana sama na ajiye a gaba, na ji takunsa yana zuwa, ɗaya mai nauyi ɗaya mai ja. Bai kai ba. Na ci na biyu, na ci na uku, ƴan fada suna ta dukan tano har sai da maƙwabciya ta yi magana.

A na huɗu tsoho ya fito da kayan Legas. Wasu ƙwallaye da ban taɓa gani ba, ta bugi bangon gefe ta bugi na gaba ta mutu a ƙasa kamar an taka ta. Ya ci. Ya cire hular gaba ɗaya ya jefa waje ta ƙofa. Ban taɓa ganin kan Kawu ba hula ba sai ranar.

Zagayen ƙarshe muna tafiya kai da kai. Wani wuri ina te, yana bayana, ya saki duka da ƙarfinsa duka, ƙwallo ta same ni a tsakiyar baya. Zafin kamar an ɗora mini dutsen guga. Arbit ta ba shi, don ina kan hanyar ƙwallonsa, ta yi gaskiya. Da aka ci gaba na ɗan gyara tsayuwa, na bar masa hanyarsa, na koma inda nake.

Saura ɗaya in ci. Muka yi wani dogon musayen da na daina jin ƴan fada, sai ƙarar ƙwallo da numfashinmu. Na tura shi kusurwar baya ta dama, na dawo tsakiya. Ya dawo da ita da kyar, na aika ta gaba ta hagu, can ƙasa. Ya taso. Ina jin sa daf da kafaɗata, sai muryar nan, a hankali:

"Matsa mini, ɗan nan."

Ƙafar dama ta ɗaga, na ji ta. Na mayar da ita ƙasa. Hanyarsa tana nan a buɗe ta hagu, daidai faɗin mutum, ban ƙara masa ko tafin hannu ba. Ya bi ta, ya miƙa raket, ƙwallo ta taɓa ƙasa ta sake taɓawa.

Ya ɗaga kai wajen taga ya ce an tare shi, a sake. Na san in ta ce a sake, ba lallai in ƙara samun wannan damar ba.

"Baba, hanya a buɗe take," in ji ta. "Kai ne ba ka kai ba."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce to.

Waje ya kaure, wani ya faɗo daga tano da kofin shayi a hannu. Ni kuwa sai na tsinci kaina a durƙushe, raket a ƙasa, ban san sanda na sauka ba. Kawu ya jingina da bango ya zame ya zauna, yana kwance rawanin gwiwarsa, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Ya ce in juya. Na juya, ya ɗaga rigata, ya danna wurin da yatsa har na yi tsalle. Ya ce shekara nawa muna wasa bai taɓa samun abin da zai doka ba sai yau, kowane ɗan sikwash na gaske yana da irin wannan tambarin, nasa sun fi goma. Sannan ya ce wa ƴarsa ta miƙo masa salula. Ina durƙushe ya kira Kano, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce:

"Kar ka ba kowa. Ina da mutum."

Na kama shi ya tashi. Da muka zo ƙofa na ja baya, ya dube ni ta gefen ido ya ce nan kam ka yi daidai, ya sunkuya ya fita, na bi shi da takalmansa a hannu.

Da rana tambarin ya fito sosai, zobe ja da baƙi a tsakiyar baya, kamar an buga mini hatimi. Na sa taubashiyata ta ɗauke shi hoto, ta ce yanzu kowa zai san bawan wa ne. Na tura wa ƙanen Baba, shi yake da salula mai hoto, na ce ya nuna wa Baba, tunda ya ce bayana yake son gani. Sai bayan la'asar rezo, sabis ɗin waya, ya kawo amsa, saƙon murya. Baba ya ce ya gani, Allah ya kai lafiya ya dawo da ni lafiya, in tuna girbi yana nan yana jira. Sai na ji Inna daga nesa tana tambayar wa ya dake ni haka. Aka ce mata yayanta ne. Sai ta matso kusa da salula ta ce to me na yi masa, kuma na ba shi haƙuri ko ban ba shi ba.

Na kunna wa Kawu saƙon a zaure. Ya yi dariya har ya riƙe gwiwa, ya ce in gaya mata ya yafe, in kuma je in wanke raket ɗinsa da tawa in sa a jaka, kar, babbar motar Kano, ba ta jiran kowa.